Bakin 'yan makarantarmu yana mutuwa da zarar an ci mu, yaya zan yi?

Ɗan Aji Shida:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini, don wasan ranar Alhamis mai zuwa ne.

Ni ɗalibi ne a aji shida, a sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu, cikin ƙasar Ringim. Ba na cikin 'yan wasa, amma tun ina aji huɗu ni nake ba da waƙa duk ranar da makarantarmu take buga ƙwallo. Bana sai malamin wasanni ya ce ni zan kula da 'yan kallon ɓangarenmu gaba ɗaya.

Mako biyu da suka wuce mun je wasan sada zumunci a wani gari da ke gabas da mu, tafiyar da ba ta fi minti 20 a babur ba. Mun cika motar kanta guda, wasu suka biyo mu a keke, mun kai mu 70. Tun daga bakin gari muke waƙa, har mata suna leƙowa ta saman danga. Da aka take wasa ma haka, mu baƙi ne amma muryarmu ta danne ta masu gida. Can wajen minti 25 suka samu kwana, iskar hunturu ta karkato da ƙwallon, ta zame daga hannun golanmu ta shige. Wallahi sai ka ce mutuwa ce ta gifta. Na ba da waƙa, mutum uku suka amsa. Na sake, babu ko ɗaya.

Shirun ma da sauƙi. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci suka ƙara ta biyu, sai yaranmu suka juya kan golanmu. Wannan ya ce rariya, wancan ya ce kwando, har wani ɗan ajinmu ya ambaci mahaifiyarsa. Yaron nan ɗan aji biyar ne, gidansu yana bayan namu. Na san sai ya ɗebo wa dabbobin gidansu ruwa ya zuba musu harawa kafin ya rugo filin atisaye, kuma safar hannun da yake kamu da ita da kuɗinsa na ƙwadagon roron gyaɗa ya saya. Ina ganinsa ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ya dubi inda muke ba har aka tashi 2-0. Daga ƙarshe wasu daga cikinmu suka fara jifan 'yan kallon ɗaya ɓangaren da ɓawon rake da hoge. Ba don dattawan garin sun shiga tsakani ba, da abin ya yi muni.

Tun ranar golan bai ƙara zuwa atisaye ba. Yana zuwa aji, ana tashi ya kama hanyar gida.

Yanzu su ne za su zo mana. Filinmu ba shi da wurin zama, fili ne kawai a bayan azuzuwa, da darbejiya huɗu a yamma, turakun ƙarfe babu raga, layi kuma da toka muke ja. Abin da nake tambaya: yaya zan riƙe bakin yara kusan 200 kada ya mutu idan aka riga mu ci? Yaya zan hana zagin namu da jifan baƙi, alhali wasu masu yin abin sun girme ni? Wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki ya taimaka mini.

Mai Jarka:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta bayaninka sau biyu, don ka tuna mini da kaina. Na gama sakandare a 2011 a wajen Taura, kuma shekara biyu ni na riƙe wannan aikin. Yanzu noma nake yi, ranar Lahadi kuma in kai kaya kasuwar Gujungu.

Bari in tambaye ka, ka taɓa zuwa gayya inda ake kiɗan gangar noma? Kakana makaɗi ne, na sha bin sa ina riƙe masa gora. Abin da na lura da shi, idan samari suka jera a kunya, wanda ya yi gaba ba ya buƙatar kowa, ƙarfinsa yana kai shi. Kakana wurin wanda aka bari a baya yake komawa. Sai ya tsaya a kansa, ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya tuna masa gonar da suka taɓa nomewa kafin azahar. Sai ka ga mutumin da ya fara jan ƙafa ya zabura, garma tana tashi da ƙasa. To aikinka kenan a bakin fili. Ihu bayan an ci ƙwallo ba aiki ba ne, ko yaron goye zai yi. Ranar da aka ci ku ake gane ko akwai mai ba da waƙa.

Kuskuren da ka yi, kuma ni ma na yi shi, shi ne ka jira. Tsakanin shigar ƙwallo da mayar da ita tsakiyar fili akwai kamar minti ɗaya. A cikin mintin nan ake rasa 'yan kallo. Idan ka bari kowa ya dafe kai, na kusa da shi ya ce "kai, wannan gola", to magana ta ƙwace maka. Tun ƙwallon tana birgima a bayan turaku za ka ɗaga murya, kuma sunan golan za ka fara kira, ba sunan makaranta ba. Mu abin da muke yi, in ce "Tashi, mai ƙofa!" su ce "Ƙofa taka ce!" Haka za a yi ta yi da tafi har a take. Bakin da yake amshi ba shi da sararin zagi.

Kada ka dogara da mutum 200. Nemi goma sha biyu waɗanda ka amince da su, ku haɗu ranar Talata da Laraba bayan an tashi, ku yi bita a ƙarƙashin darbejiyar nan. Ranar wasa ka warwatsa su cikin taro, bibbiyu, kada su taru wuri ɗaya. Idan ka ba da waƙa aka amsa daga wuri shida, sauran za su ɗauka kowa yana yi, su ma su shiga. Waƙar kuma ta zama gajera, kalma uku ko huɗu. Doguwar waƙa 'yan aji ɗaya ba sa riƙe ta, kuma su ne masu zaƙin murya, su ne ba sa gajiya.

Kayan kiɗa ba sai ka wahala ba. Jarkar mai ta lita 25 guda uku, a wanke, a samo guntun tiyo ko sanda mai kauri. Ɗaya ta riƙe bugu ɗaya ba canji, biyun su yi mata ado. In akwai ɗan gidan mahauta a makarantarku da zai iya aro kalangu, to kun gama, don kalangu yana kiran suna, ɗan wasa zai ji nasa daga tsakiyar fili. Kowane ɗan wasa ku yi masa ɗan kirarinsa, har masu tsaron baya. Kowa mai lamba 9 yake yi wa kirari, mai lamba 5 da ya sha ƙura yana tare mutane babu mai tunawa da shi.

Ni shawarata ma, ku bar gefen fili ku koma bayan golanku, in an juya ku juya tare da shi. Kuma ka riƙe ruwa da ɗan citta a aljihu. Ƙurar hunturu tana dusashe murya tun kafin a je hutu.

Na Ƙofar Mata:

Ɗan'uwa, ni daga ƙasar Wudil nake, kuma tun ina yaro nake shiga mota in je filin Sani Abacha kallon Kano Pillars. Maganar jifa ce ta sa na saka baki.

Babu wanda zai gaya mini amfanin 'yan kallo. Na ga lokacin da Pillars ta shafe sama da shekara 10 ba a doke ta a gida a gasar lig ba, sai a 2015. Ta ɗauki kofin lig a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Idan filin nan ya ɗauki "Sai Masu Gida", ƙafar baƙo rawa take yi. Ahmed Musa a gaban wannan taron ya fara suna kafin ya tafi Turai.

Amma mu ɗin nan dai, 'yan kallo, mu muka jawo wa ƙungiyar asara a 2022. A wasa da Katsina United aka shiga fili, aka farfasa motar baƙi. Aka ƙwace mana maki 3, aka ci mu tara, aka hana mu wasa a Kano. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗa ƙaramin rukuni, sai a 2023 ta dawo. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don waɗanda suka yi jifan gida suka koma suka kwanta, 'yan wasan da suka yi gumi su suka ɗauki nauyin.

Ka gaya wa yaranku wannan labarin a fili. Ku naku ma ya fi kusa: mutanen garin can kasuwarku ɗaya da su, wataƙila akwai auratayya a tsakaninku. Hoge ɗaya ya fasa kan ɗan wani, shugabannin makarantun biyu za su soke wasan, 'yan aji ɗaya na yanzu su gama makaranta ba su ga irinsa ba.

Malamin Wasanni:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da yaron nan. Shekarata 14 ina koyar da motsa jiki a makarantun karkara a ƙasar Dambatta, na kuma busa wasannin ɗalibai da dama.

Mai Jarka ya faɗi gaskiya a kusan komai, amma ban yarda da tsayuwa a bayan gola ba, musamman tunda turakunku babu raga. Ƙwallo za ta wuce ta bugi yaro a fuska, sannan in aka yi bugu mai ƙarfi kusa da turke, taron ne zai yanke hukuncin ta shiga ko ba ta shiga ba, kuma daga nan rigima take tashi. Ku tsaya a gefe, amma ku matsa kusa da kusurwar da golanku yake. Zai ji ku sarai. A kafa turaku a ja igiya, taku biyar daga layin toka, 'yan aji ɗaya da biyu su zauna a gaba, manya su tsaya a baya. Baƙi a ba su ɗaya gefen, kuma ku bar musu inuwar darbejiyar. Baƙon da aka ba inuwa da ruwan sanyi tun saukarsa da wuya ya nemi faɗa.

Ka roƙi malaminku ya samo alƙalin wasa daga gari na uku, wanda ba ya koyarwa a ɗayan makarantun biyu. Kuma tun da za ku yi bita, ka roƙi malamin ya ba ku minti goma ya bayyana muku dokar satar gida, wato ɗan wasa ya wuce masu tsaron baya tun kafin a bugo masa ƙwallo. Rabin hayaniyar da na gani a filin makaranta daga nan take fitowa. Ana duba inda ɗan wasa yake ne a lokacin da aka buga masa ƙwallon, ba lokacin da ta iso shi ba. Kuma babu satar gida idan daga jefo ƙwallo da hannu ne, ko daga kwana, ko bugun gola, ko kuma mutum yana cikin rabin filinsu. Yara da yawa ba su san wannan ba, sai su yi ta ihun an cuce su. Idan mutum goma sha biyun nan naka suka sani, za su kwantar da na kusa da su.

Lokaci ma ka kula da shi. Yanzu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6. A yi sallar la'asar a makaranta, a take da ƙarfe 4:15, minti 35 kowane rabi ya ishi ɗalibai. Wasan da ya shiga duhu shi ne ake jifa a cikinsa, don mai jifa ya san ba a ganinsa. Maganar kalangu kuma, kada ka kawo shi sai shugaban makaranta ya sani, shi kuma ya sanar da mai gari. A nemi 'yan sintiri biyu ko uku su zo su tsaya, ganinsu kaɗai ya isa.

Waɗanda suka girme ka kuma, kada ka yi musu tsawa a gaban mutane, ba za su ji ba. Ba su aiki. Wanda ya fi kowa zafin kai, shi za ka damƙa wa igiya, ka ce kada ya bari kowa ya tsallaka. Na gwada wannan ya fi sau goma.

Amma duk wannan bayan golan ne. Kada ka aika masa, ka je da ƙafarka, kai da kyaftin. Wanda ya ambaci mahaifiyarsa kuma dole ya ba shi haƙuri kafin Alhamis. Ba a wurin taron safe ba, wannan tonon asiri ne ga su biyun. A gaban mutum biyu ko uku ya isa.

Yayar 'Yan Biyu:

Sannunku. Na ga duk maza ne kuke magana, kuma babu wanda ya tuna cewa makarantar jeka-ka-dawo akwai 'yan mata a cikinta. Ƙanena, su ina suke tsayawa ranar wasa?

A makarantar da na yi a ƙasar Gumel, mu can nesa muke raɓewa a barandar ofishin malamai, don in mun matso maza za su yi ta turereniya. Sai wata malamarmu ta sa aka fito mana da bencina shida daga aji, aka ajiye a gefe guda, ita ma ta zauna tare da mu. Daga ranar waƙar makarantarmu ta canja. Mu da muka tashi da gaɗa a dandali, tafi da amshi ba sai an koya mana ba, kuma ba ma ɓata bugu. In aka ci ƙwallo muka saki guɗa, har cikin gari ake sanin namu ne suka ci. Wani abin kuma, samari suna jin kunyar ɗura ashar a inda ƙannensu mata da malama suke zaune.

Ka je wurin malamar da take kula da 'yan mata ka roƙe ta. Sharaɗi biyu ne: wurinsu daban, babu namijin da zai shiga, kuma a tashi da wuri su isa gida kafin magariba. In ba haka ba iyaye ba za su sake barin su ba.

Tsohon Gola:

Ni na tsare gida shekara uku a makarantarmu. Abin da 'yan kallo ba su sani ba, gola yana jin komai. Ɗan wasan tsakiya yana gudu, iska tana kaɗa masa kunne, amma gola a tsaye yake. Zagin 'yan ɗaya ɓangaren ba ya shiga jiki, ka san aikinsu kenan. Wanda yake zama a zuciya shi ne muryar da ka sani, ta wanda kuke zama benci ɗaya, wanda kuka ci ɗumame tare da safe. Shekara 9 kenan, har yau ina iya faɗa maka wanda ya fara kira na rariya.

In kun je wurinsa kada ku ce masa ba laifinsa ba ne. Ya san ƙwallon ta zame masa, zai ɗauka lallashi ne kawai. Ku tuna masa waɗanda ya kaɗe a ranar, na tabbata akwai su. Sannan ku ce kuna buƙatarsa ranar Alhamis.

Ɗan Aji Shida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya gafarta Malam, na bi maganarka. Jiya bayan la'asar muka je ni da kyaftin, muka same shi a bayan gari yana ɗaure karan dawa zai ɗora a amalanke. Muka kama masa har muka gama lodi, babu wanda ya ce uffan a kan ƙwallo. A hanyar dawowa kyaftin ya tuna masa bugun tazarar da ya ture ta saman turke tun wasa yana canjaras, da wadda ya fito ya ɗauke daga ƙafar mai lamba 10 ɗinsu. Ya yi shiru, can ya ce ai ya ɗauka babu wanda ya gani.

Wanda ya yi zagin da farko ya ƙi, wai cikin zafin wasa ne. Sai na gaya wa yayansa, shi ya kawo shi da kansa yau da safe bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ya ba da haƙuri, sun yi musabaha. Golan bai ce zai buga ba tukuna, amma ɗazu na gan shi a fili, ya zo da safar hannunsa, ya tsaya yana kallon atisaye.

Yaya, na je wurin malamar, ta yarda, ta ce bencina takwas za a fitar kuma ita za ta zaɓi masu ba da waƙa a cikinsu. Shugaban makaranta ya amince da jarka, kalangu kuma ya ce sai ya ji daga bakin mai gari. Mutum goma sha biyun na samu tara, gobe za mu fara bita. Igiya ce har yanzu ba ta isa ba, wadda muka aro ta rijiya ce, ba ta kai rabin tsawon fili ba, amma wani ɗan ajinmu ya ce babansa yana da ta ɗaurin kaya a mota, zai tambaya yau da dare.

Yaya Mai Jarka, tambaya ɗaya ta rage. Mai lamba 5 ɗinmu yaro ne mai kunya, ko a aji ba ya magana, gajere ne amma babu mai wuce shi. Na rasa kirarin da zan yi masa. In kana da wanda kuka taɓa yi wa irinsa, turo mini kafin Laraba.